Rabon Waɗanda Suka Tsaya A Rafin Besor

Karatu: 1 Sama'ila 30:1-25

Yau ina so mu yi tunani tare a kan waɗansu mutane da muke tunawa da su rana ɗaya a shekara, wato 'yan mazan jiya, sojojin da suka tafi yaƙi da ƙafa biyu suka komo da ɗaya, ko kuwa suka komo da jiki lafiya amma barci ya ƙaurace musu.

Bari in taƙaita muku abin da muka karanta. Dawuda da mutanensa 600 sun komo Ziklag, suka tarar Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da yara. Suka yi kuka har ƙarfinsu ya ƙare, sa'an nan suka bi sawun maharan. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka kāsa hayewa saboda gajiya. Aka bar su nan tare da kaya, mutum 400 suka ci gaba.

A kan hanya suka tsinci wani saurayi Bamasare kwance a saura. Bawan wani Ba'amaleke ne, ya tafi harin tare da maigidansa, da ciwo ya kama shi sai maigidan ya yar da shi. Kwana 3 bai ci ba, bai sha ba. Mutanen Dawuda suna cikin gaggawa, duk da haka suka tsaya, suka ba shi ruwa da abinci da busassun 'ya'yan itace har ransa ya komo. Sai ga shi wannan da aka yar shi ne ya san inda Amalekawa suke, shi ne kuma ya kai Dawuda can. Aka kuɓutar da kowa da kowa.

Da aka komo da ganima, waɗansu daga cikin waɗanda suka yi yaƙin suka ce kada a ba masu tsayawa a rafi kome, sai dai kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama gabansa. Dawuda ya ƙi. Ya yanke cewa rabon mai tsaron kaya da na mai shiga fagen fama ɗaya ne, gama nasarar daga wurin Ubangiji take. Wannan ya zama doka a Isra'ila.

To, 'yan'uwa, ƙasarmu ma tana da nata rafin Besor. Kakanninmu sun tafi yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Daga 1990 yayyenmu suka tafi Laberiya, daga baya Saliyo. Tun 2009 kuwa ƙannenmu da 'ya'yanmu ne suke fama a Arewa maso Gabas, yanzu har da dazuzzukan Zamfara da Katsina da nan jiharmu ta Sakkwato. Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, akan ajiye furanni, a saki tattabarai, a yi addu'o'i a masallatai da majami'u. Wannan daidai ne. Amma in gari ya waye ranar 16, ina mai ƙafa ɗaya zai nufa?

Na sadu da wani irinsu a wata tafiya da na yi zuwa Horo Birni, a ƙasar Shagari. Ba zan faɗi sunansa ba, bari mu ce da shi Kofur. Motarmu ta tsaya a tasha a Boɗinga, ina neman ruwan sha, sai na ga mutum zaune a gindin wata rumfa, sandunansa biyu jingine da bango, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an ɗaure da igiya. Bai miƙo mini hannu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne takalminsa guda ɗaya, tsoho ne ƙwarai, amma a goge yake yana ƙyalli. Na ce, "Sannu, maigida. Soja ne kai?" Ya ɗaga kai ya ce, "Dā dai, Malam."

Na zauna kusa da shi har motar ta tafi ta bar ni. Ya ce nakiya ce ta tashi da motarsu. An yi masa magani, an sallame shi daga aiki. Kafin takardun kuɗinsa su daidaita, abin da ke hannunsa ya ƙare a zirga-zirga. Ya koma gida, amma da dare yakan farka da ihu, har yara suka soma tsoronsa. Kunya ta sa ya bar gidan da kansa, rumfar nan ce makwancinsa. Na ciro 'yan kuɗi zan ba shi, ya ce, "Malam, na gode, Allah ya sāka. Amma kowa kuɗin tuwo yake ba ni. Tun da na cire kaki ba wanda ya tambaye ni me na iya."

Maganar nan ta zauna mini a zuciya. Na yi shekaru a makarantar tauhidi, na koyi yadda ake ta'azantar da masu makoki, amma ban taɓa tunanin wannan tambaya ba. Na ce masa, "To, Kofur, me ka iya?" Ashe kafin a kai shi bakin daga, shekaru ya yi a garejin bariki. Injin mota, janareto, famfon ruwa, ba wanda bai kwance ya mayar ba. Ga mu kuwa a ƙasar da manoman rani suke ɗora injin ban ruwa a babur su kai shi nesa in ya lalace, albasa da tumatir suna bushewa a fadama kafin a komo da shi. Bamasaren nan na cikin karatunmu ke nan zaune a gabana: an wuce shi, alhali kuwa a kansa akwai sanin da ake nema.

Abin da na yi da dabara ta kaina a ranar nan, akwai mutanen da aikinsu ke nan, sun karanta shi, da shi suke ci. A Amurka tun 1918 gwamnati ta kafa dokar koya wa sojojin da suka naƙasa sana'a, har yau kuma hukumarsu ta tsofaffin sojoji tana ɗaukar ma'aikata masu ba da shawara a kan sana'a domin wannan. Bari in bayyana muku yadda aikin yake, gama ina so matasanmu su ji.

Da fari, mai wannan aiki yakan saurara. Ba ya fara da lissafin abin da mutum ya rasa, yakan nemi abin da ya rage: hannu, ido, ƙwaƙwalwa, horon soja, sanin lissafi ko tuƙi. Na biyu, yakan haɗa shi da masu magani, domin sana'a ba ta zama a kan ciwon da ba a kula da shi ba. Mai bukatar ƙafar roba akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai na Wamakko kusa da mu. Wanda yaƙi yake komo masa cikin mafarki, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Ku ji ni da kyau a nan: firgitar da ke bin soja bayan yaƙi ciwo ne da likitoci suka sani, suna kuma maganinsa. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti. Kada mu ce masa rashin bangaskiya ne, kada mu kira shi mahaukaci.

Na uku, yakan bi masa takardu. Akwai Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa mai rassa a jihohi, akwai cibiyar sojoji da ke Oshodi a Legas inda ake koya wa masu shirin barin aiki sana'o'i. Mutum mai sanda biyu, ba kuɗin mota, ba adireshi, da wuya ya bi waɗannan shi kaɗai. Na huɗu, yakan dubi kasuwa. Ba amfani a koya wa mutum 20 ɗinki a ƙauyen da tela 2 sun ishe shi. Sai a nemi aikin da garin yake bukata, wanda kuma jikin mutumin zai iya ɗauka. Na ƙarshe, yakan koma ya duba shi bayan wata ɗaya, bayan wata 6, bayan shekara. A nan ne mu masu taimakon rana ɗaya muke faɗuwa.

Doka ma tana tare da mai wannan aiki. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma doka ba ta tashi daga takarda ta je tashar Boɗinga da ƙafarta. Sai an sami wanda ya san ta ya kai ta.

Saboda haka ina kira ga 'yan makaranta da ke saurarona, da iyayensu. Kowa yana so ɗansa ya zama likita ko lauya. Ga wani aiki kuma mai daraja. A Jami'ar Jos ana koyar da ilimin naƙasassu da hanyoyin farfaɗo da su. A Jami'ar Bayero ta Kano ana koyar da ilimi na musamman da gashin ƙashi. A Oyo akwai kwalejin ilimi ta Tarayya da aka keɓe domin wannan fanni. A Igbobi ta Legas ana koyon ƙera ƙafa da hannu na roba. Ba zan ruɗe ku ba, ba hanyar tara dukiya ba ce, tana kuma bukatar haƙuri, gama wanda kake taimako yakan yi fushi da kai, wani lokaci ya sayar da kayan aikin da aka ba shi don yunwa, sai an sāke sabon lale. Amma ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a irin wannan hidima. Tun shekarun 1930 'yan mishan suka kama aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Mun gāji wannan aiki daga wurinsu, kada ya mutu a hannunmu.

Wataƙila wani zai ce, ai wannan nauyin gwamnati ne, ita ta ɗauke su aiki. Gaskiya ne, mu kuma riƙa tuna mata. Amma wa ya yi barci sa'ad da shi yake tsaye cikin sanyi? Ni da kai ne. Mun ci moriyar ganga, bai kamata mu ya da kwaurenta ba. Ku tuna kuma da abin da Dawuda ya yi wa Mefiboshet, gurgun ɗan Yonatan, a cikin 2 Sama'ila 9. Bai aika masa da kwanon tuwo zuwa Lodebar ba. Ya kirawo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ba shi wuri a teburinsa. Ya ba shi abin dogara, ya kuma ba shi mutunci.

Ku bar ni in ƙarasa muku labarin Kofur. Musulmi ne, ni Kirista, wannan bai hana kome ba. Na kai maganarsa gaban dattawan ikkilisiyarmu, ƙungiyar zumuntar mata ta tara kuɗi, muka saya masa sifanu da filaya da ɗan benci mai daidai da zamansa. Wani ɗan'uwa ya raka shi wurin likita sau da dama. Wani dattijo Musulmi daga wajen Horo Birni ya ba shi zauren gidansa, ya kuma sanar da manoma. Ba a rana ɗaya abin ya daidaita ba. Ya taɓa ɓacewa har mako 3, muka neme shi muka komo da shi. Amma zuwana na ƙarshe na tarar da injuna 4 a ƙofar zauren suna jiran layi, ga yaro yana koyon aiki a hannunsa. Ya ce mini, "Malam, na aika wa uwar yara kuɗin makaranta. Ta ce in zo gida da salla." Mafarkin bai rabu da shi sarai ba, amma ya ragu.

Ɗan'uwana mai sauraro, a unguwarku akwai wanda ya tsaya a rafin Besor. Wataƙila shi ne maigadin da kake wucewa kowace safiya, wataƙila yana zaune a bencin baya ran Lahadi, yana fita kafin a yi gaisuwa. A cikin makon nan ka je wurinsa, ka zauna, ka tambaye shi abin da ya iya. In kai mai gareji ne ko mai shago, ka buɗe masa wuri. In kai dattijon ikkilisiya ne, ka duba ko matakalar majami'arku tana barin mai keken guragu ya shiga. In kuwa kai ne tsohon sojan, kana jina a rediyon wani, ka sani Ubangiji Yesu, wanda ya tashi daga matattu da tabon ƙusa a hannuwansa, bai raina tabonka ba. Kada kunya ta hana ka neman taimako.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, mun gode maka saboda waɗanda suka tsaya dominmu. Ka gafarta mana mantuwarmu. Ka warkar da masu rauni a jiki da a zuciya, ka ba marasa makwanci gida, ka ba hannuwansu aiki. Ka ta da matasa daga cikinmu da za su ba da ransu ga wannan hidima. Ka kiyaye sojojinmu da ke daji a daren nan, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.