Giram 100 a Bisa Mizani

A gasar Olamfik ta birnin Faris, shekarar 2024, 'yar kokawar Indiya, Vinesh Phogat, wadda ta kayar da abokan karawa uku a yini guda har ta kai wasan ƙarshe na ajin kilo 50, ta wayi gari an haramta mata shiga fili, domin da ta hau mizani sai aka tarar ta zarce haddi da giram 100 kacal. Daren nan kuwa ba ta runtsa ba: ta yi ta tsallen igiya, ta shiga ɗakin gumi, ta ƙaurace wa ruwa, har gashin kanta aka rage, daga bisani aka kwantar da ita a asibiti.

Haƙiƙa abin da irin wannan azaba take fitarwa ruwan jiki ne, alhali kitse yana nan daram, domin shi ba ya narkewa sai da makonni na tsakaita ci da motsa jiki bisa ƙa'ida. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, baiwar Allah nan a ajin kilo 53 ta saba kokawa, amma da gurbin ƙasarta a can ya faɗa hannun wata, sai ta matse jikinta ta sauko ƙasa.