Itatuwan Magani da Dokar Ƙasa: Jawabi ga Manoma

Yau ba zancen taki ko irin shuka za mu yi ba. Zancen ganye, saiwa da sassaƙe za mu yi, waɗanda ake ɗiba a gonakinmu da dazuzzukanmu ana kaiwa kasuwa da sunan magani. Da yawa daga cikinmu na samun ɗan kuɗin cefane da zogale, filasko, sabara, ɗoyar daji ko ɓawon maɗaci, musamman da rani. Wannan sana'a ce mai kyau. Amma ku sani, da zarar an ƙulla ganye a leda ko an ɗura jiƙo a kwalba, aka ce yana warkar da ciwo kaza, aka sa masa kuɗi, to ya shiga hannun doka kamar ƙwayar da ake sayarwa a kemis.

Me ya haɗa hukuma da ganye?

Wani zai ce, ai kakanninmu sun sha waɗannan itatuwa ba su nemi iznin kowa ba. Gaskiya ne. Amma a da, mai magani ya san itacen, ya san mara lafiyar, shi ke ɗiba, shi ke aunawa. Yanzu kuwa ganyen da ka tsinka a ƙauyenku zai bi ta hannu biyar ko shida, a niƙa shi, a kai shi wani gari, wanda bai taɓa ganinka ba ya sha. Idan ya zama gari, ba mai iya bambance wannan ganye da wancan da ido.

Ga misali. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, an ba mata wani maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwoyi daga ƙasar Sin. Ashe wajen sayen kayan an musanya saiwa ɗaya da wata mai kama da ita a suna. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu daga baya suka kamu da ciwon daji a hanyar fitsari. Itacen da ya yi wannan ɓarna dangin duman dutse ne, wanda muke da shi a nan. Ku duba fa, ba mugunta aka nufa ba. Kuskuren gane itace ne kawai.

Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Kowa ya san abin da zakami ke yi wa mutum, alhali shi ma tsiro ne.

Maganin asibiti ma daga itace yake fitowa

Kada a ɗauka hukuma na ƙyamar maganin gargajiya ne. Kwinin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka aka tace shi a Faransa a 1820. Maganin zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocinmu yanzu, tushensa wani ganye ne ɗan'uwan tazargade. Wata masaniya a ƙasar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarinsa a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

A nan gida ma an yi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, aka fitar da magani mai suna Niprisan. A cikinsa akwai masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani itacen kudu. Duk kayan gona ne da na daji.

To mene ne bambancin wannan da ƙullin da ake talla a tasha? Awo. Ƙarfin maganin da ke cikin ganye ba ɗaya ba ne kullum. Yana canzawa da irin shukar, da ƙasar da ta fito, da lokacin da aka tsinka, da yadda aka shanya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dafa wancan ganye a sha a madadin ƙwayar zazzaɓi ba. Idan ƙarfin bai kai ba, ƙwayar cutar ba ta mutuwa duka, kuma tana iya sabawa da maganin har ya daina yi mata aiki.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya, hukumar da ke kula da abinci da magunguna ita ce NAFDAC, an kafa ta a 1993. Doka ta hana a haɗa magani don sayarwa, ko a shigo da shi, ko a yi tallarsa, sai an yi masa rajista. Wannan ya haɗa da na gargajiya da aka sa a kwalba, leda ko kwali.

Rajistar mataki biyu ce. A na farko, hukuma na duba wurin da ake haɗa maganin, a gwada shi a ga ba ya da guba ko ƙazanta. Idan ya tsallake, sai a ba shi lamba mai harafin L a ƙarshe, ta shekara 2. Ku lura da kyau: wannan lamba tana nufin an duba ba ya cutarwa, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Mataki na biyu sai an gwada shi a kan marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar likitoci, sannan a ba shi cikakkiyar rajista ta shekara 5. Talla a rediyo ko talabijin ma sai da iznin hukuma. Yawon tallar magani a tasha ko cikin mota kuwa, doka ta hana.

Manomin da ke sayar da ɗanyen kaya a buhu ga mai haɗa magani, ba shi ke neman wannan lamba ba. Amma idan kayansa suka faɗi a gwaji, mai sayen ba zai sake dawowa ba. Ku tuna, a 2015 ƙasashen Turai sun hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wanda ya zuba da wanda bai zuba ba, duk asarar ta shafe su. Idan haka ta faru da abinci, ina ga magani?

Abin da ya kamata manomi ya yi

Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da ɗibar itatuwan magani. Ga waɗanda suka fi shafarmu:

1. Ka tabbata ka san itacen. Idan kana shakka, ka kai reshe da ganye da fure ga malamin gona ko jami'in gandun daji. Kada ka haɗa iri biyu a buhu ɗaya don ya cika.

2. Kada ka ɗiba a bakin titi, kusa da bola, magudanar ƙazanta, majema ko wurin haƙar ma'adinai. Tsiro na zuƙar abin da ke ƙasa. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, daga ƙurar dutsen zinariya ta shiga ƙasar gidaje.

3. Ka ware wa shukar magani gefenta, nesa da inda kake feshin auduga ko wake. Kada ka zuba maganin ƙwari a buhun ajiya ko kaɗan.

4. Ka tsinki ganye bayan raɓa ta bushe. Ka zubar da wanda ya rube ko ƙwari suka ci.

5. Ka shanya ganye a inuwa mai iska, bisa tabarma mai tsabta ko gadon kara. Ban da shanya a kan kwalta ko ƙasa, inda awaki da kaji ke bi.

6. Kada ka ɗura sai ya bushe ƙayau, ganye na murmushewa a hannu, saiwa na karyewa. Kaya mai laima yana fumfuna, ita kuwa fumfuna tana iya haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

7. Ka yi amfani da sabon buhu. Ban da buhun takin zamani ko jarkar maganin feshi, ko da an wanke. Ka ɗora buhu bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

8. Ka rubuta a jikin kowane buhu sunan itacen, inda aka ɗiba da ranar ɗiba, da boko ko da ajami. Idan matsala ta taso, da wannan za a gane inda ta fito, kai kuma ka wanke kanka.

9. Wajen sassaƙe, ka ɗebi gefe ɗaya, kada ka zagaye gindin itace, domin zai mutu. Wajen tonon saiwa, ka bar wasu ka mayar da ƙasa. Wanda ya kashe maɗaci bana, me zai sassaƙa baɗi?

Idan kai ne mai saye

Ka duba lambar NAFDAC, sunan mai haɗawa da adireshinsa, ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Ka guji maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da basir, hawan jini, ciwon suga da rashin haihuwa. Mai juna biyu da ƙaramin yaro kada su sha sai an tambayi ma'aikacin lafiya. Idan kana shan ƙwayar asibiti, ka gaya wa likita jiƙon da kake sha, domin wasu ba sa haɗuwa. Yaro mai zazzaɓi kuwa a kai shi a auna jininsa a ranar, kada a tsaya jiran jiƙo ya yi aiki.

Jama'a, masu niyyar shiga wannan sana'a sosai su haɗu su kafa ƙungiya. Ƙungiya ta fi mutum ɗaya ƙarfin gina rumfar shanya, da neman mai saye na ƙwarai, da biyan kuɗin rajista idan ana so a fitar da kaya da sunan ƙauye. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko ofishin NAFDAC da ke babban birnin jiha. Allah ya ba mu damina mai albarka.