In Injin Babur Ya Buga

Masu sauraronmu na Sabon Birni da Isa, yau maganarmu kan tsohon babur ce, wanda injinsa ya buga.

Kada ku yi saurin miƙa shi ga 'yan gwangwan. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon babur ƙirar Boxer ya fi ƙarfin talaka. Kuma babur ke kai mara lafiya asibiti, shi ke kai gero kasuwa.

To, a gyara. Amma a gyara da gaske. Bakanike ya kwance injin a gabanka. Sa yatsa cikin bulok. In ka ji karce, sabon ringi kaɗai ba zai hana hayaƙi ba, sai an canja bulok da fiston. Girgiza sandar fiston. In tana rawa sama da ƙasa, karanshaf ya tafi.

Bayan an ɗaure injin, a bi shi a hankali, a juye baƙin mai da wuri.

Jama'a, kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Babur ya mutu maka tsakiyar daji, batun rai ne. Kada a yi tsumulmula wajen gyara.

Mu kwana nan. Allah ya kiyaye hanya.