Tozali Sama, Tutiya Ƙasa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in ɗan yi bayani a kan aikina na tace ma'adinai. To, ba sai mun je nesa ba. Mu mutanen Nariya da Rano da Kibiya duk mun san Riruwai da kuza. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jijiyar dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa a can ba kuza kaɗai ta ƙunsa ba. Akwai dutsen tutiya, akwai na dalma, wato tozalin nan da iyayenmu mata ke niƙawa, har da ɗan na tagulla, duk a cakuɗe.

Kuza tana da nauyi, wanki kawai ke fitar da ita. Sauran kuwa kowannensu haɗe yake da farar wuta, sai an bi su da dabarar kumfa, wadda aka fara amfani da ita a Broken Hill ta Ostareliya a farkon ƙarni na 20. A niƙe dutse ya zama gari, a dama da ruwa cikin tanki, a hura iska. Sai a zuba wani sinadari mai suna zantet, wanda ya shigo aikin a 1925. Shi ke lulluɓe ƙwayar ma'adini ta ƙi jiƙa, ta manne wa kumfa ta taso, a kwashe.

Matsalar ita ce zantet ba ya zaɓe. Tozali da tutiya da farait, dutsen nan mai ƙyalli da ke ruɗin masu neman zinariya, duk tare za su taso. Mai saye kuwa ba ya son haɗin gambiza, rage kuɗi yake yi. Saboda haka gwanintar aikin, a ganina, tana wajen sanin wanda za a hana tasowa. Masu wannan aiki su ne sinadaran danniya.

Da farko akan zuba salfet na tutiya da ɗan sayanaid. Tutiya ta kwanta, tozali ya hau shi kaɗai. In an kwashe shi, sai a tashe ta da salfet na tagulla, a ƙara laim don ya riƙe farait a ƙasa. Awo ne tsantsa, ya fi na kanwa a miyar kuka wuya: in ya yi kaɗan kaya su gauraye, in ya yi yawa abin da kake nema ya bi shara.

Ga inda maganar ta shafe mu. Sayanaid guba ce, kuma in ruwan ya yi tsami sai ta koma iska mai kisa. Sharar ma da dalma a cikinta. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 saboda niƙan dutse a cikin gidaje. Kogin Kano kuwa ta dajin Falgore yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga, wadda ruwanta ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura.

Akwai mafita. Masana'antu da dama sun rage sayanaid, sun koma kan metabaisalfait, wasu kuma suna amfani da dekstirin, wanda daga sitacin rogo ko masara ake yin sa. Ba a kowane dutse yake ci ba, sai an gwada.

Kasuwar kuza ta rushe a 1985, amma dutsen yana nan. Cikinmu akwai kansiloli da dagatai da ma'aikatan ma'aikatar muhalli. Duk kamfanin da ya zo da takardar izini, ina roƙonku ku tambaye shi abu biyu kafin a yi maganar diyya: da me za ka danne tutiya, kuma ina ruwan tankinka zai tafi ranar da damina ta cika ramin shara?