Kapitan N'Tchoréré: jarumin da ya ƙi sunkuyar da kai

Jawabin da wani malamin lakwal ya yi wa ƴan komite

Yau mun taru ne don mu tuna wani baƙin mutum ɗan'uwanmu, soja, wanda ba a koya mana sunansa a lakwal ba. An sa mun haddace sunayen sarakunan Faransa da kogunanta, amma ba a taɓa ambata mana Kapitan Charles N'Tchoréré ba.

An haife shi a Libreville, ƙasar Gabon, cikin 1896. Ya shiga soja a 1916, cikin tirayan da Turawa suke kira ƴan Sanagal, ko da mutum daga Gabon ya fito, ko Sudan, ko nan Nijar. Ya yi yaƙi a Maroko da Siriya, har aka yi masa rauni. Da gumin kansa ya hau daga ƙaramin soja har ya sami galan na kapitan, a zamanin da baƙaƙen hafsoshi ba su cika yatsun hannu ba a bataliya. Ya shugabanci makarantar ƴaƴan soja ta Saint-Louis, inda daga baya yaran Nijar da dama suka yi karatu.

Da yaƙin Hitila ya tashi a 1939, shekarunsa sun haura 40. Da ya so, da ya zauna. Shi da kansa ya nemi a kai shi fagen daga.

Ran 5 ga Yuni 1940 Jamusawa suka auka wa yankin kogin Somme da tankoki da jiragen sama. An ba kamfaninsa tsaron wani gari, Airaines, kusa da Amiens. A ƙarƙashinsa akwai baƙaƙe, akwai Turawa, duka suna bin umurninsa. Kwana 3 suna riƙe da garin, gida gida, wuta tana ci, abokan gaba sun kewaye su. Tsayawarsu ce ta ba sauran runduna hanyar janyewa. Ran 7 ga Yuni harsashi ya ƙare, ƴan tsirarun da suka rage aka kama su.

A nan ne muke so ku saurara da kyau. Jamusawa suka ce a ware baƙaƙe gefe guda, Turawa gefe guda. Kapitan ya ƙi. Ya ce shi hafsa ne, kuma dokar yaƙi ta ce a riƙe shi kamar kowane hafsa. Ya san abin da ƙin zai jawo masa, duk da haka bai matsa ba. Nan take aka harbe shi. Cikin kwanakin nan kuma ɗansa Jean-Baptiste ya faɗi a wannan yanki na Somme. Uba da ɗa, gida guda!

Ba shi kaɗai ba ne. Masana tarihi sun ƙiyasta baƙaƙen soja 1,500 zuwa 3,000 Jamusawa suka kashe bayan sun ajiye makamai, cikin Mayu da Yuni 1940. A Chasselay, kusa da Lyon, akwai makabartarsu.

To, me aka saka wa waɗanda suka tsira? Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, tirayan da suka dawo daga fursuna suka nemi kuɗinsu, sojan Faransa suka buɗe musu wuta. A 1959 kuma aka daskarar da fanshon tsofaffin sojan Afirka, nasu ya tsaya wuri guda, na Bature yana hawa. An yi shekara kusan 50 kafin a gyara, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka ba yaƙin wasu muke yabo ba. Muna girmama mutumin da ya tsare amanar waɗanda suke bayansa, kuma bakin bindiga a kansa ya ƙi yarda a ce shi ƙasa yake da wani. Mutanen Airaines sun kafa masa dutsen tunawa, makarantar Saint-Louis tana ɗauke da sunansa. Mu fa, ina namu?

Daga Maradi, Damagaram, Tawa da Doso an kwashi samari, da yawa ba da sonsu ba, wasu ba su dawo ba. Kowace komite ta shiga unguwanninta. Ku tambayi tsofaffi: wa aka ɗauka daga gidan nan, wace shekara, ina ya faɗi? In akwai lambar yabo ko littafin soja cikin adaka, a fito da su. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, a kawo mana, mu karanta wa yara a lakwal da ran kasuwa. In ba mu rubuta sunayensu ba, babu mai rubuta mana.