AMANAR DUKIYAR JAMA'A: ABIN DA YA FARU DA KAMFANIN SKS NA INDIYA

 Ya 'yan'uwa Musulmi, an nemi in yi bayani a kan yadda ake binciken lafiyar asusun ba da ƙananan rance idan ya fara bunƙasa, ganin cewa 'yan'uwa da yawa sun shiga wannan harka domin tsamo talakawa daga hannun masu cin riba. Zan ɗauki misali guda, shi kuwa daga ƙasar Indiya.

A shekarar 1997 wani mutum mai suna Vikram Akula ya kafa ƙungiyar SKS a jihar Andhra Pradesh. Tsarinta kwaikwayon Bankin Grameen na Bangaladash ne: mata biyar su haɗu su lamunci juna, a ba su rance ba tare da jingina ba, su riƙa biya mako-mako. A 2005 ta rikiɗe ta zama kamfanin neman riba. Zuwa 2010 masu cin bashinta sun kai kimanin miliyan 7, ta sayar da hannun jari a kasuwa ta tara kusan dala miliyan 350, littattafanta kuwa suna nuna ana biyan kashi 99 cikin ɗari. Watanni kaɗan bayan haka, a Oktoban 2010, rahotanni suka yawaita cewa wasu masu cin bashin irin waɗannan kamfanoni suna kashe kansu saboda matsin masu karɓa. Gwamnatin jihar ta kafa doka mai tsanani, ta mayar da biya wata-wata, jama'a kuma suka daina biya. Abin da ake karɓowa a jihar ya faɗo ƙasa da kashi 20. A Nuwamban 2011 Akula ya sauka.

Wani zai ce ai riba ce ta ci su. Haƙiƙa riba haramun ce, kuma Allah (S.W.T.) Ya yi alkawarin shafe albarkarta. Amma kada mu ruɗi kanmu, ya 'yan'uwa. Ramukan da suka faɗa a ciki suna nan a gaban asusun da ke aiki da murabaha ko ƙardan hasanan.

Ramin farko shi ne saurin girma, domin yana ɓoye ruɓa. Alal misali, asusu ya fitar da naira miliyan 10, daga ciki miliyan ɗaya tana hannun waɗanda suka wuce kwana 30 ba su biya ba. Wannan kashi 10 ke nan, alhali masana harkar ba sa son ya haura kashi 5. To, idan aka fitar da sabon rance na miliyan 30, lissafi zai nuna kashi biyu da rabi. Ba a karɓo ko kwabo ba, amma sai shugabanni su zo taro suna hamdala. Saboda haka mai bincike kada ya yarda da jimilla. Ya ce a ware masa rancen bara daban, na bana daban, na kowane reshe da na kowane ma'aikaci daban. Ya kuma tambayi nawa ne aka sabunta wa wa'adi, domin a nan ake binne gawa.

Sannan akwai cin bashi a wurare da yawa. A Andhra Pradesh kamfanoni sun yi ta rububin ƙauyuka guda, mace ta karɓa a nan ta biya can, littafin kowa yana kyau har ranar da igiya ta tsinke. Aka kuma riƙa saka wa ma'aikata gwargwadon yawan waɗanda suka jawo da kuɗin da suka karɓo. Wanda albashinsa ya rataya a kan haka, yaushe zai tsaya bincika ko mace tana da sana'a? Yaushe zai yi aiki da umarnin Suratul Baƙara na jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci? Ga shi kuma sama da rubu'in rancen SKS yana cikin jiha ɗaya, doka guda ta isa ta girgiza shi. Asusun da duk masu cin bashinsa manoman masara ne na gari ɗaya, fari guda ya ishe shi.

Abin da ya fi damuna a namu ɓangaren shi ne kunyar binciken malami ko ɗan'uwa, wai kada a ce an munana masa zato. Wannan ba Sunna ba ce. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana shi riƙe kyautar da aka ba shi a kan aiki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka wanda ya amince da rance kada ya zama shi ne mai miƙa kuɗi, kuma shi ne mai rubutawa. Mai bincike ya tafi gidajen mutane ba sanarwa, ya gwada katinsu da littafin ofis, ya tabbatar sunayen nan na rayayyu ne. Rancen shugabanni da danginsu a karanta shi a bainar jama'a.

Ƙardan hasanan yana da nasa haɗarin: a 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30, wato ko kowa ya biya, jarin ya rame, sai an samu sadaka ko waƙafi da zai cike giɓin. Masu karɓar ajiya kuwa su tuna cewa a 2010 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da soke lasisin ƙananan bankuna 224, kuma inshorar hukumar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 2 a 2024, masu ajiya a bankin da ke da lasisi kaɗai take karewa. Duk wanda bai riƙe lasisi ba, wajibi ne ya gaya wa masu ajiya haka tun kafin ya karɓi kuɗinsu.