Duwatsun Murhu Uku: Jawabi Kan Tsarin Mulkin Ƙasa a Bikin Cikar Shekarar Ƙungiyarmu

Iyayenmu mata, uwar ƙungiya, yayye da ƙanne na Wurno, Rabah da Goronyo, barkanmu da ganin wagga rana.

An ce in yi bayani kan yadda ake tafiyar da gwamnati. Wata za ta ce, ina ruwan mai sana'ar ƙuli-ƙuli da tsarin mulki? To, ruwanta ne, don kuwa hanyar da za a fitar da albasa da tafarnuwa kasuwa, da ungozoma a asibiti, da tsaron gonakinmu, duk daga nan suke fitowa.

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999. Sashe na 14 ya ce ikon ƙasa na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 40 ya ba mu 'yancin kafa ƙungiya irin tamu. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci don shi mace ne ko namiji.

Kun san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsu uku. Haka aka raba mulki.

Na farko, majalisa, masu yin doka da amincewa da kasafin kuɗi. Sanatoci 109 ne, 'yan Majalisar Wakilai 360, Majalisar Dokokin Sakkwato kuma mutum 30. Sanatanmu ɗaya, na Sakkwato ta Gabas. Wurno da Rabah na da wakili guda a Abuja, Goronyo kuwa an haɗa ta da Gada.

Na biyu, masu zartarwa: Shugaban Ƙasa da ministoci, Gwamna da kwamishinoni. Madatsar ruwa ta Goronyo hukumar tarayya ke riƙe da ita, saboda haka kukan ruwan noman rani har Abuja ya kamata ya kai.

Na uku, kotuna. Matar da aka danne wa gado tana iya farawa daga kotun shari'a ta garinsu, ta yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Ita Kotun Ƙolin ce ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Me ya sa aka raba? Don kowanne ya sa wa ɗan'uwansa ido. Ko nan cikinmu, ai ba mu yarda shugaba ta zama ita ce ma'aji kuma ita ce mai binciken littafi ba.

Amma ku riƙe wannan, 'yan'uwa: alkawarin tsaro na sashe na 14 kotu ba ta tilasta shi. Makaminmu a nan ƙuri'a ce. Sashe na 69 ma ya ba da damar kiranye, in fiye da rabin masu rajistar mazaɓa sunka sa hannu. Ga shi a zaɓen 2023, mata ba su wuce huɗu ba a Majalisar Dattawa.

Roƙona uku ne. Kowace ta karɓi katin zaɓenta. Kowace ta san sunan kansilanta da wakilinta. Kuma mu rubuta buƙatunmu da sunan ƙungiya, mu kai, mu riƙa bibiya. Kada a sayi shekara huɗu hannunmu da sabulu da taliya.

Allah ya ba ƙasar Rima zaman lafiya, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. Wassalamu alaikum.